Alhaji Ya Ba Da Aron Mata, Amini Ya Ce Ba Aro Ya Karɓa Ba

Ku matso kusa, ku rage murya, maganar yau ba ta bakin titi ba ce. Suna ba za ku ji daga bakina ba, unguwa ma haka. Wanda ya sani ya sani. Wanda bai sani ba ya lallaɓa ya tambayi mai yi wa matarsa kitso, don ta nan zancen ya fara yoyo.

Watannin baya aka yi wani ɗaurin aure a cikin birnin Kano, bayan sallar asuba, a zauren wani dattijo. Ba kati, ba sanarwa a rediyo, ba maroƙi, ko dabino ba a raba ba. Waɗanda suka halarta ba su cika tabarma ɗaya ba, kowa ya shafa fatiha ya sulale ba tare da ya kalli idon ɗan uwansa ba. Wanda ya zaro sadaki daga aljihu tsohon mijin amarya ne. Ango kuwa amininsa ne na ƙuruciya, wanda suka wanke allo tare, suka sha bulalar malami ɗaya. Kun dai gane inda aka dosa, auren kisan wuta aka yi. Mako biyu aka yanka. Yau ana cikin wata na biyar, ango bai saki ba, ya kuma ce ko a mafarki.

Alhajin namu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri har da ɗoriya, irin waɗanda ba a rasa su a Umrar goman ƙarshe. Hannunsa a sake yake, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Matsalar, bakinsa ma a sake yake. Shekara 14 suka yi da Hajiya, da 'ya'ya huɗu a tsakani. Majiyarmu, wadda ba a yi mata shamaki da gidan, ta ce waya ce sila. Alhaji ya shiga wanka ya bar ta a buɗe a kan gado, Hajiya ta ci karo da hirarsa da wata 'yar jami'a, har da hotunan akwatunan lefe da aka riga aka haɗa aka ɓoye a gidan ƙanwarsa. Kishiya ba baƙon abu ba ce a garin nan, Hajiya ma a gidan mata uku ta tashi. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne sunan da ya laƙaba mata a cikin hirar, inda yake ce wa yarinyar kada ta damu da "tsohon kaya". Ta murza wa ƙofa mukulli ta ce yau sai ya sake ta. Da ƙyar ya ƙwaci mukullin ya fice, ya zauna a mota yana huci, ya rubuta a WhatsApp cewa ya sake ta saki uku, ya tura mata, ya kuma tura wa yayanta don a san shi namiji ne. Kafin asuba zuciya ta sauka, ya goge saƙon. Yayan kuwa tuni ya ɗauki hotonsa ya watsa wa dangi.

Da hantsi sai ga Alhaji a zauren tsohon malamin da ya ɗaura musu aure tun farko, ya tuɓe takalma ya gurfana.

"Allah gafarta Malam, wallahi cikin fushi na yi."

"Alhaji, ka taɓa jin wanda ya saki matarsa yana dariya?"

"To Malam, ni fa ina zargin sammu aka yi mini, ba na cikin hayyacina."

"Wanda ba ya cikin hayyacinsa shi ya lalubo lambar surukinsa, ya rubuta masa Hausa tsaf ba kuskuren baƙi ko ɗaya?"

Malam ya janyo Risala, ya ɗora da Muhtasar, littattafan da zaurukanmu da alƙalanmu suka tashi a kansu. Hukuncin Malikiyya a nan ba ɓoyayye ba ne: tara saki uku a furuci ɗaya bidi'a ne, mai yin sa ya yi laifi, amma ya auku. Rubutu ma in ya bar hannun miji da niyya ya isa inda aka aika shi, daidai yake da furuci. Hajiya ta haramta, sai ta auri wani.

Yanzu ga wurin da ni kaina na yi dariya har da riƙe ciki. Wannan Alhajin, tsawon rayuwarsa ba ya haɗa sahu da masu ɗangalallen wando, a majalisa ba shi da abin zagi sai su. Sai wani yaron shagonsa ya raɗa masa cewa a wajensu saki uku a lokaci ɗaya ɗaya ne. Ranar da magariba aka gan shi a sahun farko na masallacinsu, har da ɗora hannu a ƙirji.

Yaron bai yi ƙarya ba. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim da ke nuna cewa a zamanin Annabi (SAW), da na Sayyidina Abubakar, da shekara biyu na halifancin Sayyidina Umar, ukun da aka furta tare ɗaya ake ƙirga shi, sai da Umar ya ga mutane sun mai da abin wasa ya zartar musu da shi uku. Mazhabobin nan huɗu suka tafi a kan hukuncin Umar. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim suka koma wa na farko, kuma a 1320 sai da aka tsare Ibn Taimiyya a Dimashƙa saboda fatawoyinsa na saki. Daga baya gwamnatoci suka rungumi ra'ayin. Masar ta mai da shi doka a 1929. Maroko, wadda Malikiyya ce irin tamu, ita ma ɗaya take ƙirgawa. Indiya ta wuce nan, Kotun Ƙoli ta soke sakin nan take a Agustan 2017, a 2019 kuma aka yi dokar da za ta iya ɗaure miji har shekara uku a kansa. Da a can Alhaji yake, da yanzu tuwon gidan yari ake kai masa.

Malamin masallacin, matashi ne da bai fi sa'ar ƙanensa ba, ya saurare shi tsaf, ya ce lallai a fahimtarsu ɗaya ne. Alhaji har ya fara laluben aljihu zai yi ihsani. Sai malam ya ce:

"Amma Alhaji, kafin wannan ka taɓa sakinta?"

Shiru. Can ya ce akwai wani da ya faru a shekararsu ta biyu, lokacin da ta yi yaji ta ƙi dawowa. Akwai kuma wani bayan haihuwar na uku, kan wata magana da ta haɗa ta da mahaifiyarsa.

"Duka biyun ka yi kome?"

"Na yi."

"To Alhaji, biyu a tara da ɗaya, nawa ke nan a lissafinku na kasuwa?"

An ce ko sallar isha'i bai tsaya ba. Washegari ya koma masallacin unguwarsu, hannu a sake.

Ni dai a nan ba na jin tausayinsa sosai, ku yafe mini. Wannan iyaka ta aya ta 229 da ta 230 a Suratul Baƙara tana da dalili. Kafin saukarta, namiji kan saki mace, in idda ta kusa cika ya mayar da ita, ya sake saki, haka ba adadi, ya bar ta ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba. Aka zo aka ce igiya uku ce, in ka tsinke ta ƙarshe ka fita daga lissafi, kuma ba ka da ta cewa a kan abin da zai biyo baya. Don kare mace daga mai wasa da baki aka yi ta. Kuma garin nan ya san masu wasa da baki. Tun 2012, zamanin Kwankwaso, gwamnati da Hisbah suke ɗaura wa zawarawa aure da kuɗin jama'a, a Oktoban 2023 kaɗai ma'aurata 1,800 aka haɗa, gado da katifa da jari. Gwamnati tana ƙullawa da rana, irin su Alhaji suna kwancewa da dare a cikin mota.

To, majalisar kasuwa ba ta rasa mai dabara. Wani dillali, wanda aka ce ba wannan ne karonsa na farko ba, ya ja Alhaji gefe ya ce abin ai mai sauƙi ne. A samo wani maigadi ko wani baƙo ɗan cirani, a ba shi abin da zai koma gida da shi, ya kwana biyu ya rubuta takarda, ta yi idda, shi ke nan. Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan sana'a. A 2017 BBC ta bankaɗo masu yin ta a Ingila, suna karɓar dubban fam a hannun matan da aka saka. Kuma ba wanda zai ce bai san hukuncinta ba. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah duk sun ruwaito la'anar da aka yi wa mai auren da wanda aka yi dominsa, a ruwayar Ibn Majah ma bunsurun aro aka kira na farkon. Duk azumi sai an faɗa a tafsiri. Alhaji yana zuwa tafsiri, a gaba ma yake zama.

La'anar ba ta hana shi barci ba. Kishi ne ya hana shi. "Uwar 'ya'yana a ɗakin maigadi?" Ya ce sam. Shi yana son wanda zai riƙe masa ita a matsayin ajiya, ya dawo da ita yadda ya karɓa. Nan tunaninsa ya faɗa kan Amini.

Amini malamin makarantar sakandare ne, mutum mai sanyin magana, mai babur ɗaya da kaftani ƙirgaggu. Matarsa ta rasu wajen haihuwa shekara biyu da suka wuce, bai sake aure ba. Alhaji ne ya biya masa kujerar Makka, shi ya tsaya masa lokacin rasuwar, ko kuɗin makarantar 'yarsa daga shagon Alhaji yake fita. A lissafin ɗan kasuwa, wanda ka yi wa wannan ba zai iya ɗaga ido ya kalle ka ba. Ya je masa da dare, ya yi kuka har da majina, ya haɗa shi da zumuncin shekara 40. Ya kama musu gida, ya ce mako biyu kawai, ɗaki daban daban, kuma kada ya kusance ta.

Dillali ya tuna masa cewa wannan sharaɗi na ƙarshe ya rushe aikin gaba ɗaya. Ƙissar matar Rifa'a tana cikin Buhari da Muslim: mijinta ya yi mata saki na ƙarshe, ta auri wani, ta zo tana son komawa gidan farko, aka gaya mata ba hali sai zaman aure na haƙiƙa ya auku tsakaninta da na biyun. Ɗaurin aure kawai ba ya halatta ta. Alhaji ya ce wannan ba matsala, in an tambaya sai a ce an yi, wa zai leƙa? Wato dabara ce aka yi wa shari'a, sannan aka shirya ƙaryar da za a rufe dabarar da ita. Amini ya yi kwanaki yana cewa a bar shi ya yi istihara, daga baya ya ce ya amince.

Hajiya fa? Tana gidan iyayenta, ta gama idda, yara suna can wajen kakarsu ta wajen uba, sai ranar Juma'a ake kawo mata su. Bazawara ba a yi mata dole, sai ta buɗe baki ta ce ta yarda, wannan ma yana cikin littafi. Baffanta ya zaunar da ita ya ce, "'Yar nan, ki daure ki yi don 'ya'yanki, kwana nawa ne." An ce tambaya ɗaya ta yi, ba ta ɗago kai ba: "Baffa, wane ne?" Da aka faɗa mata, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin shi matan dangi suke ta juyawa har yau a gidajen suna da biki. Don tsofaffin unguwa sun tuna abin da Alhaji ya manta. Lokacin da yake zuwa zance wajen Hajiya, wa yake raka shi? Wa yake zama a dakali yana hira da ƙannenta har a gama? Wata gwaggo ta rantse cewa Amini ne ya fara ganin yarinyar a hanyar Islamiyya, ya je ya ba abokinsa labari don ya ji shawara, kafin ya gama tara abin gaisuwa abokin ya riga ya tura manya. Ya haɗiye, ya zama babban abokin ango, shi ya sayi baki ranar da aka kai amarya. Gwaggon ta ce ita tun ranar ta ga idonsa.

Mako biyu suka cika, Alhaji ya kira. Amini ya ce yana kan gyaran takardun jarrabawa, a bari zuwa jibi. Jibi ta zo, waya a kashe. Maƙwabtan sabon gidan kuwa suna ganin abin da suke gani. Amini yana dawowa da ledar cefane a gaban babur. Ana jiyo hira a tsakar gida har bayan isha'i, da dariyar mace. Wata ƙawar Hajiya da ta je dubo ta, da shirin rarrashi har da hawayenta a kusa, ta tarar da ita da jan lalle, tana yanka alayyafo tana 'yar waƙa. Ta ce mata, "Ke, lafiyarki?" Hajiya ta ce, "Ƙawata, ranar da aka yi albashi ya zube shi a gabana ya ce me na gani. Shekara 14, ba a taɓa tambayata me na gani ba, ko a kan kalar labule."

Kada ku ce na mai da Amini waliyyi. Namiji ne da ya shekara biyu ba mace, aka kawo masa wadda ya taɓa so, aka biya haya, aka ja musu ƙofa. Sha'awa tana da kasonta a wannan lamari, kuma kason ba kaɗan ba ne. A kasuwa ma abin da ake faɗa ke nan, wai Alhaji da hankalinsa ya ba kura ajiyar nama.

Da wata ya cika, Alhaji ya je da kansa, ya yi ta buga ƙofa. Amini ya fito da jallabiya yana sakace. Yaran layin suka taru, ta bakinsu muka samu wannan.

"Mutumina, wa'adi ya wuce. Ga takarda ga biro."

"Takardar me, Alhaji?"

"Kai ma ka sani. Ka sakar mini matata."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Matarka ai ka sake ta, duk dangi sun ga hoton. Wadda ke ciki matata ce, da waliyyi da shaidu, kai ma kana wurin. In gaisawa ka zo yi, bari in ce ta sako hijabi."

"Ni za ka ci wa amana? Ni da na kai ka Makka?"

"Allah ya saka da alheri. A can ɗin na roƙi Allah kada ya sa ni cikin waɗanda aka la'anta."

Sai da masu wucewa suka riƙe Alhaji. Washegari kuɗin sadaki da na haya suka shigo asusunsa cif, an ce babur Amini ya sayar ya haɗa da bashin ƙungiyar malamai.

Daga nan sai ofishin lauya. Lauyan, wanda ya daɗe yana cin abinci a kotunan shari'a, ya bar shi ya gama zazzaga, sannan ya tambaye shi ƙarar me za a shigar. Aure da saki tsakanin Musulmi a nan da fiƙihun Malikiyya ake yanke su, in an ɗaukaka ƙara a tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin irin waɗannan. Kafin Alhaji ya ce an saɓa masa alkawari, sai ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ɗauko mutum ya biya don a yi kisan wuta, magatakarda yana rubutawa, 'yan jarida suna bayan benci. Ba alƙalin da zai tilasta wa mutum cika sharaɗin haram. Iyakar abin da zai samu shi ne a raba auren. To auren da aka raba don an tabbatar na kisan wuta ne ba ya halatta mace ga mijin farko, sai ya zama ya raba su ya kuma tashi a tutar babu. In kuwa kotu ta ce aure ya inganta, Hajiya matar wani ce, kuma dokar Final Kod ta Arewa ta tanadi hukunci ga mai hure wa matar aure kunne. Lauya ya ƙara da tambayar ina takardar gwajin asibiti, tunda a Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin a ɗaura aure a jihar. A zauren asuba wa ya tuna da wata takarda? Alhaji ya biya kuɗin shawara ya fito yana share gumi.

Sai dai kada masu goyon bayan Amini su yi saurin guɗa, don shi ma yana cikin tsaka mai wuya, kuma tasa ta fi ta Alhaji ɗaure kai. A Malikiyya, niyyar tsohon miji ba ta ɓata auren, ta matar ma haka. Su biyun su yi ta ƙulla abin da suke so a zuciya. Niyyar mutum ɗaya ake dubawa, ta wanda aka ɗaura wa, a lokacin da aka ɗaura. In ya shiga da nufin halatta ta ga wancan, aure ɓatacce ne, a raba su ko an tare ko ba a tare ba. Shehu Halil mai Muhtasar ma ya toshe 'yar ƙofar da mutane ke son bi: ko da ya shiga da tunanin cewa in ta yi masa zai riƙe, in ba ta yi ba ya saki, duk ɗaya ne. Hanafawa da Shafi'awa suna da sassauci a wasu surorin, amma ba da littafinsu ake shari'a a Kano ba.

Ku duba inda wannan ya ajiye Amini. In ya ce ranar da ya zauna a tabarmar nan da niyyar taimakon abokinsa ya zauna, daga baya ne zuciya ta juya, to ya yi wa abota adalci, amma watannin nan duk a kan ɓataccen aure yake zaune, kuma la'anar da ya ce yana gudu ta riga ta same shi. In kuwa ya ce tun farko da niyyar zama na har abada ya karɓa, aurensa garau yake a wajen Allah, sai dai ya tabbata cewa daren da Alhaji yake kuka a gabansa, shi yana kallonsa ne yana lissafin kansa. Ingancin aurensa ya rataya a kan ya amsa cewa ya yaudari amininsa da gangan. Kuma ba mai shaidar wannan sai shi da Mahaliccinsa.

Wanne ya zaɓa? Wani dattijo da ya tsare shi da tambayar a bayan masallaci ya ce bai amsa ba, hawaye kawai ya share ya ce a yi masa addu'a. Amma akwai wata magana da ke yawo a ɓangaren dangin Hajiya, wai a daren da za a ɗaura, Amini ya je wajen Baffa shi kaɗai ya ba shi wani ƙunshi, ya ce wannan ne sadakinsa na gaskiya, na Alhaji a ajiye a gefe. Baffa bai gaskata ba, bai ƙaryata ba, ya ce shi tsufa ya sa ba ya riƙe abu. Ni kuwa na san Baffan nan yana iya lissafo muku kuɗin goron auren kowace 'ya a gidan tun zamanin Shagari.

Tsohon malamin zaure, da aka koma masa, ya ce mafita ga masu shakka tana cikin Muwaɗɗa. Imamu Malik ya ce mai irin wannan aure ba zai ci gaba da zama a kansa ba sai ya sabunta wani. Wato su rabu, su tuba, ta yi zaman da shari'a ta ɗora mata, sannan ya nema kamar kowa, da sadakinsa, a bainar jama'a. Sai dai da zarar ya sake ta, Alhaji yana bakin layi da mota a kunne, zai ce ai an cika sharaɗi. Shi ya sa Amini ya ce ba zai furta kalmar ba ko da wasa. Hajiya kuma ta aika wa Baffa cewa ko an raba su yau, gidan Alhaji dai ta gama shigarsa, wannan karon a rubuta a ajiye.

Majalisar kasuwa ta dare biyu. Manyan 'yan kasuwa suna cewa Amini butulu ne, wanda ya ci amanar gishiri, kuma daga yau ba mai sake yarda da malamin makaranta. Yaran shago, in iyayen gidansu sun juya baya, sai su tafa. Mata kuwa ban ji wadda ta tsaya wa Alhaji ba, har 'yan uwansa, in ban da mahaifiyarsa. Ita ma an jiyo ta tana ce masa, "Kai da bakinka ka yi wa kanka, sau nawa ina gaya maka?"

Makamin da ya rage masa yara ne. Ya hana a kai su ranar Juma'a, ya ce uwar da ta zaɓi wani namiji ta manta da su. Lauyan nan dai ya sake ja masa kunne. Gaskiya ne uwa in ta yi aure ta tare da wanda ba muharramin yaran ba, haƙƙinta na reno ya faɗi. Amma a Malikiyya ba kan uba yake faɗawa ba, kan kakarsu ta wajen uwa yake komawa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sha da sutura kuma duk a wuyan uba. Kakar nan tana raye, da ƙarfinta, kuma ita ce wadda Alhaji ya taɓa kira mai kashe wa 'ya aure a gaban mutane. An ce ta riga ta sa an share ɗakuna biyu, ta kuma tambayi jikanta mai karatun lauya nawa ne kuɗin shigar da ƙara.

Ita kuwa 'yar jami'ar da aka yi duk wannan a kanta, labari ya isa gidansu kafin Alhaji ya isa. Mahaifinta ya aiko wakili da kuɗin gaisuwa a cikin ambulan, ya ce a gaya wa Alhaji yarinya za ta wuce digiri na biyu, a yi haƙuri. Akwatunan lefe suna nan a gidan ƙanwarsa. A bikin da aka yi makon jiya an ga ƙanwar da wani leshi ruwan zuma wanda masu ido suka ce sun taɓa ganin hotonsa, kuma telanta ya gaya wa majiyarmu cewa akwai atamfa biyar a layi.